Abarbar da Ta Sha Ruwan Alwala

Talatu, kafin ki fara rubutun nan, tashi ki leƙa kwandon shara ki ɗauko mini kan abarbar da kika jefar jiya da magariba, kada awaki su riga ki. Yauwa. Ajiye shi nan kusa da ƙafata ki zauna. Na ce miki akwai maganar da nake so a sa a takarda tun ina da bakin faɗa, to ita ce wannan. Ni ban yi allo mai nisa ba, boko kuwa ko ƙofarsa ban taka ba. Ke babanki ya sa a makaranta, sai ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini. Abin da kika sani ma ki rubuta, don jikokinki ba su sani ba.

Jiya da kika yanka abarbar nan muka yi buɗa-baki, kin ga na karɓi yanka ɗaya na riƙe ban kai baki ba, har kika ce, "Inna, ko haƙorin ne?" Ba haƙori ba ne. Ƙanshin ne ya shige ni, ya haɗu da zafin nan na bana, sai na ga ba a gidanki nake ba a Kibiya, ina tsakar gidanmu na Dawaki, shekara ashirin da wani abu baya. Irin wannan zafin aka yi a bazarar da na yi takabar babanki. Sai dai a lokacin azumi a sanyi yake zuwa, kuma babu fanfon sola a bakin titi kamar yanzu. Rijiya ce da guga, in ta ƙafe sai rafi.

Shekarar da soja suka sauka farar hula suka hau, ita ce shekarar da Malam, babanki, ya yi cin raninsa na ƙarshe a Kurmi. Kullum in an gama kaka yakan tafi kudu ya yi dako a kasuwar goro, ya dawo kafin ruwan fari. Wannan karon ya dawo da sabulu, da galan ɗin manja, da turmin atamfa, sai kuma abarba guda ɗaya naɗe cikin tsohuwar rigarsa. Kwana uku ta yi a bayan babbar mota, gefe ɗaya duk ya yi taushi. Muka yanka muka sha, na ce kai, wannan abu da zaƙi yake.

Sai ya yi dariya. Ya ce, "'Yar Kibiya," don haka yake kirana tun ina amarya, "ai ba ki sha abarba ba tukuna. Wannan ɗanya aka sare ta, a mota ta yi laushi. Laushi daban, nuna daban. Wadda ta nuna a kan uwarta, tun daga bakin gona hancinki zai gaya miki."

Na ce, "To ka kai ni Kurmin mana in ji."

Ya ce, "Zauna inda kike. Kurmin zan kawo miki."

Ya ɗauki kan nan mai ganye, shi tukku yake ce masa, kamar tukkun da ake bar wa yaro in an yi masa aski. Dama bai bari an sa masa wuƙa ba, da hannu ya murɗe shi. Ya zauna yana zare ƙananan ganyen ƙasa ɗaya bayan ɗaya, har ɗan kututture ya fito kamar tsawon gaɓar yatsa. Ya nuna mini wasu 'yan ƙuraje a jiki, ya ce saiwoyi ne suke barci. Ni dai kallonsa nake. Na san iri, na san dashen albasa da tumatir, na san sandar rogo, amma ban taɓa jin an shuka abin da ake zubarwa a juji ba.

Maimakon ya binne shi, sai ya kife shi a kan zana a inuwar rumbu ya yi tafiyarsa gona. Kwana biyu ina ganinsa yana yaushi. Na ce Malam ya manta ne, tausayi ya kama ni, na ɗebo ruwa a ƙwarya na tsoma shi. Da ya dawo ya gani, ya tsame shi da sauri yana yarfewa.

Ya ce, "Tausayin nan naki zai kashe ta. Ciwo ne a gindinta, sai ya bushe tukuna. In ta shiga ƙasa da ɗanyen ciwo ruɓewa za ta yi."

Aka sake ƙirga kwana biyar daga farko.

Kin tuna faffaɗan dutsen nan da ke jikin katanga, ƙarƙashin darbejiya, inda yake tsugunawa ya yi alwala? A gabansa ya tona ɗan rami, ya cakuɗa yashin rafi da tsohon kashin awaki, ya dasa ta bai zurfafa ba. Ya ce wurin yana samun ranar safe, da yamma kuma inuwa. Ya kifa mata fasasshen kwando, ya kewaye da ƙaya.

Baffanki Sule, ƙaninsa, yana tsaye yana kallo. Ya ce, "Yaya, yaushe za mu sha?"

Malam ya ce, "Shekara biyu. In ta yi nawa, uku."

Sule ya riƙe baki. Ya ce, "Gero wata uku, dawa wata biyar, rogo ma da ake zagi shekara ɗaya. Abin da zai shekara biyu yana ci bai ba ka ko loma ba, ai wannan ba shuka ba ce, ɗan makaranta ne." Shi ya sa mata suna 'Yar Kurmi, sunan kuma ya bi ta.

Daminar farko ba ta yi komai ba. Wata biyu tana zaune yadda aka ajiye ta, bakin ganyen yana bushewa. Na ce ta mutu. Wata safiya ya kira ni, ya kama ta da yatsu biyu ya ɗan ja sama a hankali. Ta ƙi tasowa. Ya ce, "Kin gani? Ta kama ƙasa." Ya buɗa tsakiyar, sai ga sabon ganye fari-fari kamar harshen ɗan tsako.

Da rani ya shigo bai tafi Kurmi ba, tari ya riƙe masa ƙirji. A nan na ga dabararsa. Ni ina ta tunanin wa zai riƙa jan guga saboda ganye, ashe ya gama shirinsa tun ranar da ya zaɓi wurin. Ya ce abarba ta ƙoƙon tsakiyarta take sha, ganyen nan duk magudana ne. Sai ya tsuguna a kan dutsen da butarsa, ya miƙa hannuwansa a kanta ya wanke, ya sunkuya ya wanke fuska, ya wanke damatsa, ruwan yana bin ganye yana gangarawa cikin ƙoƙon. Sau biyar a rana, ko ɗigo ɗaya ba a ƙara a kan abin da dama za a zubar ba. Ruwan kurkurar baki kawai yake juyawa ya zubar gefe. Ya ce ba a tofa wa baƙo.

Sule in ya shigo ya tarar da shi sai ya ce, "Yaya, ita ma ka sa ta a sahu ne? Wallahi 'Yar Kurmi ta fi rabin mazan garin nan tsarki."

Malam ya ce, "Har da kai, ko ban da kai?"

Damina ta biyu ita ce ta shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Maza suka cika motoci suka tafi birni, shi ƙirji ya hana shi. A kan dutsen nan ya zauna da rediyonsa a kunne, yana saurare yana cire mata ciyawa. A daminar ta buɗe sosai, ganyenta ya kai tsawon hannu, ga haƙora a gefe masu kama zani. Kwando ya yi mata kaɗan aka cire. Amma ɗa, shiru. Ruwa kuma ya ɗauke da wuri a shekarar, dawa ta fitar da kai ba ta cika ido ba. Da aka yi girbi rumbunmu ko wuya bai kai ba. Tsofaffi suka leƙa rijiya suka ce bana sai an yi haƙuri.

Ya yi azuminsa cikin sanyi, bai sha ko ɗaya ba, duk da na roƙe shi. Bayan sallah sai ya kwanta. Da ƙafa ta kasa kai shi dutsen, sai in kawo masa buta da tasa har shimfiɗa, ya yi alwala a ciki, ya turo mini ya ce, "Kai mata." In ɗauka in je in tsiyaya mata a ƙoƙo. Daga baya ruwa ma ya fi ƙarfinsa, sanyinsa yana tayar masa da tari, aka kawo masa ɗan dutse yana taimama.

Wata rana da hantsi na fito da shi bakin ƙofa ya sha rana. Ya daɗe yana kallon wajen katanga. Ya ce, "Yanzu sai butarki, 'Yar Kibiya."

Na ce to.

Ya ce, "Na yi miki alkawari ban cika ba."

Na ce, "Za ka cika, da hannunka za ka yanka mini."

Ya ce, "Ko ba na nan ki sha. Abu ɗaya dai, kada ki bari kowa ya sare ta ɗanya. Sai kin ji ƙanshinta daga nan inda muke zaune."

Dakata, Talatu. Bar ni in share idona. A'a, kada ki ajiye biron, kukan ba ya hana ni magana, mun saba da juna ni da shi.

Ranar Alhamis bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa. Sanyi yana fita ke nan, zafi yana shigowa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya haskaka makwancinsa. Shekara talatin da wani abu muna tare, bai taɓa kirana da sunan da zan ji kunya ba.

A lokacin an fara faɗa a rediyo cewa sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ba dole ba ne, samari ma suna ta musu a zaure. Sule ya ce shi bai iya musu ba, yadda aka yi wa ubansu haka za a yi wa Yaya. Kika zo daga Kibiya da matan gidanku, dangi suka zo daga Rano da Rurum, gida ya cika. Ni ina cikin ɗaki mata sun kewaye ni, a bayan ɗaki nake alwala, ban san abin da ke gudana a tsakar gida ba. Ashe kin duba duk gidan kin ga babu inda ke da inuwa kuma iska ba ta kaɗa wuta sai jikin katangar nan. Kika kafa manyan murahu uku a wurin, aka yi rumfa da zana. Itace ya yi wuya, da kara da ɗanyen reshe da kashin shanu kuka yi ta girki. Kwana bakwai hayaƙi yana turnuƙe a ƙarƙashin rumfar nan, 'Yar Kurmi tana ciki.

Rana ta takwas baƙi suka watse, na ɗauki buta na nufi dutsen. Na tarar da ganyen ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, na gefen wuta ya ƙone a baki, wata ma ta rataye ludayi a jiki. Ranar da aka fita da babanki ban ɗaga murya ba, kowa ya yaba mini haƙuri. Ranar nan kuwa na zube a ƙasa na kurma ihu har maƙwabta suka leƙo.

Kin tuna abin da kika ce? Kika ce, "Inna, Baba muka rasa, ke kina kukan ganye?" Rubuta, haka kika ce. Ni ma na faɗa miki maganganun da ba za a sa a takarda ba. Kika yi fushi, amma ba ki tafi ba. Mijinki, Allah ya saka masa, ya bar ki ki zauna da ni.

Daga nan takaba ta miƙa, bazara ma ta miƙa. Ba kwalli, ba kitso, ba turare, zani ɗaya mai duhu, ga 'yar wuƙa da tsofaffi suka ba ni in riƙe duk inda zan motsa, kamar yadda ake yi wa mai takaba a da. Iyakata ƙofar zaure. Na jiƙa bakin zanina na bi ganyen nan ɗaya-ɗaya ina goge baƙin, haƙoransa suna yanka mini yatsu. Ban ga alamar rai ba, ban ga ta mutuwa ba.

Zafin shekarar, Talatu! Tun hantsi ƙasa take hana ƙafa tsayawa. Kaji su shige ƙarƙashin rumbu baki buɗe, fukafukai a saɓule. Tabarma kamar an sauke ta daga kan wuta. Ruwan randa ma ɗumi gare shi. Darbejiyar ta zubar da rabin ganyenta, inuwarta ta zama kamar rariya. Rijiyarmu ta koma laka, a zura guga ya fito da abin da bai fi ludayi uku ba, ja kamar kunun kanwa. Fanfon tuƙa-tuƙa da masu neman ƙuri'a suka haƙa mana ya tsaya, sai ƙarar ƙarfe. Kullum da sassafe kike bin mata zuwa rafi, ku tona yashi har iya hannu, ku zauna kuna jiran ruwa ya tsattsafo kuna kwalfa da ƙoƙo. Tulu biyu kike samowa kafin rana ta take. A ciki za a sha, a yi kunu, a yi tuwon dare, don sau ɗaya ake ɗora tukunyar tuwo, a ba awaki, sannan a cika mini buta.

Butar nan ɗaya nake rabawa salloli biyar. In tsuguna inda yake tsugunawa, ƙafafuna a gurbin da nasa suka goge, in miƙa hannu a kanta. Ruwan kurkure in zubar gefe.

Akwai satin da rafin ma ya yi ƙasa, kika riƙa dawowa da tulu ɗaya. Kika ce, "Inna, ki yi taimama mana, Allah ya yarda, ga dutsen Baba nan." Na ce to. Yau zan gaya miki abin da ba ki sani ba. Ruwan shan da kike auna mini a kwanon sha, in kin juya sai in kurɓi kaɗan in juye sauran a buta. Kwana shida ina haka. Shi ne kika ga leɓena ya tsage, ina tashi jiri yana ɗibata, kika ce baƙin ciki ne. Rabi baƙin ciki ne, rabi ƙishirwa. Na san ba daidai na yi ba, na kuma nemi gafarar Ubangiji. Amma duk abin da ya bari a duniya yana ƙarewa a idona, rigunansa an rabar, gonarsa Sule zai noma, ƙanshinsa yana fita daga ɗaki. Wannan ce kaɗai aka bar mini a hannu da rai.

Ana jibi arba'in na buɗa ƙoƙon zan tsiyaya ruwa, sai na ga ja. Can ciki, ja wur kamar an yanka kaza a wurin. Washegari ya ƙaru, har da ɗan kumburi. Na ce shi ke nan, ƙunar wutar nan ce ta ci ta ciki, yanzu ta fito fili. Na tuna yadda Malam yake yi wa doya da rogo in gefe ya ruɓe, ya ƙwaƙule wurin da wuƙa don sauran ya tsira. Na ce haka zan yi mata.

Safiyar arba'in na wasa 'yar wuƙar takabata a kan dutsen. Ina tsugune ke nan aka yi sallama a zaure. Malam Idi ne, abokin tafiyar babanki Kurmi, wanda yake sayar da kayan marmari a kasuwar Rano. Na matso bayan zana muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya, ya yi addu'a. Har zai koma wajen maza sai ya ce, "Af, ina 'Yar Kurmi? Marigayi kullum sai ya ba ni labarinta."

Na ce, "Tana nan tana bin mai ita. Wuta ta taɓa ta, zuciyarta ta yi ja. Yanzu ma zan ƙwaƙule wurin ko Allah zai sa ta tashi."

Ya ce, "Ja? A tsakiya? Da kumburi?"

Na ce e.

Ya ce, "Innalillahi! Innar Talatu, don girman Allah ajiye wuƙar nan! Sule! Kai Sule, zo ka shiga da ni!"

Na koma ɗaki na saki labule ina leƙe. Sule ya shigo da shi. Tsoho da gemunsa ya durƙusa a ƙasa, ya buɗa ganyen da hannu biyu, ya daɗe bai ɗago ba. Sai na ji yana dariya, dariyar kuma ta juye ta zama kuka.

Ya ce, "Ciki ne da ita. Wannan jan da kike gani, abarbar ce take fitowa. Da na tsaya shan ruwa a hanya, da kin yanke ta."

Ya ga tokar murahu da baƙin katanga, ya tambaya aka gaya masa. Ya girgiza kai. Ya ce a can kudu ya ji tsofaffin manoma suna cewa in abarba ta girma ta ƙi haihuwa, hayaƙi yana tashinta daga barci, bayan kamar kwana arba'in sai a ga ja. Ya ce shi bai taɓa gwadawa ba, ji kawai ya yi. Ko hayaƙin ne, ko lokacinta ne ya yi, Allah ne masani. Ni dai na san wutar sadakarsa ce ta kwana bakwai a kanta.

Kina tsaye da muciya a hannu kika ce, "To Inna, sai a ba ni haƙurina." Na ce ba zan bayar ba. Na ba ki yau, rubuta. Amma dai murhun arba'in a waje aka kafa shi.

Daga ranar nake da abin dubawa kowace safiya. Jan ya taso ya zama ɗan curi mai ƙaya-ƙaya, girman ƙwan zabuwa, ya hau kan kara. Sai ƙananan furanni suka riƙa fitowa a jikinsa, shuɗi-shuɗi kamar an ɗiga baban rini, na ƙasa su buɗe yau su bushe, gobe na sama da su. Da suka ƙare sai ga abarba sosai, 'yar mitsitsiya, har da nata tukkun a ka. Malam Idi ya aiko cewa a kare ta daga ranar tsaka, tana ƙona su. Na shiga ɗaki na ɗauko malafar babanki, wadda na ɓoye ranar rabon kaya, na kafa sanda na kifa mata. Sule ya shigo ya gani, ya buɗe baki zai yi tsiyarsa da ya saba, sai ya rufe, ya juya ya fita.

Ruwan fari ya zo da la'asar. Gabas ta haɗe, iska ta kwashe zana biyu, sannan aka sako shi. Muka fito da tukwane da ƙore duk muka tara. Ƙanshin ƙasa ya tashi, kwaɗi suka fara. Na cire malafar na tsaya a kanta ruwa yana dukanmu ni da ita, ƙoƙonta ya cika ya tumbatsa. Ranar ce ta farko da ta sha ruwan da bai bi ta hannun mutum ba tun wata bakwai.

Aka yi shuka, gero ya tsiro, na cika wata huɗu da kwana goma. Ranar fita takaba aka yi mini kitso, na sa kwalli, na ɗaura atamfar nan da ya kawo mini tare da abarbar. Mutane suka taru. Sule ya ce, "Matar Yaya, yau ai ranar ce. A sare ta a raba, kowa ya sami albarka."

Na ce, "Koriya ce shar."

Ya ce, "A sa ta a buhu kwana uku ta yi laushi."

Na ce, "Laushi daban, nuna daban." Sai da maganar ta fita na ji muryar wanda ya faɗe ta. Sule ma ya ji.

Kika koma ɗakinki a Kibiya, na rage ni kaɗai. Marka ta sauka, kwana uku-uku ba a ganin rana. Rumbu kuwa an share shi har ƙasa, sabon gero bai iso ba. Tafasa da rama muke tsinkowa a yi kwaɗo da ɗan ƙuli-ƙuli, wani lokaci shi ne na rana shi ne na dare. Cikina yana kuka ina kallon abarba a gabana. Sau biyu ina zuwa da wuƙa ina komawa. Ga tsoron ɓera da kurege, na tara mata ƙaya har sai da na rasa ta inda zan miƙa hannu. Sai rawaya ta fara daga gindi, ido ɗaya, ido biyu, tana hawa a hankali kamar mai ciwon gwiwa. Kowace safiya in tsaya a ƙofar ɗaki in ja numfashi. Ƙasa jiƙaƙƙiya kawai nake ji da hayaƙin maƙwabta.

Wata Talata an kwana ana yayyafi, gari ya waye fes. Na ɗaga labule da buta a hannu, ƙafata ɗaya a waje. Sai ƙanshin ya doke ni. Daga katanga har inda muka zauna ni da shi ranar nan, taku goma sha biyu ne, na sha ƙirgawa. Kamar zuma, kamar wani abin da ban san sunansa ba. Na ajiye butar na zauna a dokin ƙofa na ce, "Na ji, Malam."

Na aika aka kira ki. Ba ta fi dunƙulen hannu biyu ba, duk wahalar nan. Na ciro 'yar wuƙar takaba daga ƙarƙashin shimfiɗa, wadda saura kaɗan ta kashe ta, na yanke ta da ita. Tukkun na murɗe da hannu. Aka kai gidan Sule, aka ajiye na Malam Idi a ƙwarya aka rufe, kika ɗauki naki. Nawa na ɗauka na je kan dutsen na zauna na yi bisimilla.

Gaskiya ya faɗa, Talatu. Ban taɓa shan abarba ba sai ranar. Babu tsamin nan mai kankare harshe, ruwan yana bin hannuna har gwiwar hannu, ina sha ina kuka, gishirin hawaye yana haɗuwa da zaƙin. Ya cika alkawarinsa yana cikin ƙasa wata shida. Tun daga ranar kuma ban ƙara shan irinta ba.

Uwar sau ɗaya take haihuwa. Bayan nan ta yi ta yaushi, ta bar 'ya'ya biyu a gindinta. Na raine su tare da tukkun, har shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da ni kika ɗauko ni nan. Da na tambaya aka ce awaki sun shiga. Ban yi faɗa da kowa ba. Nan gidan ga ruwa har ƙofa, tsakar gida duk siminti, in na yi alwala ina kallon ruwan yana bin kwata yana fita waje, babu mai jiransa.

To miƙo kan nan in gani. Kin yanke shi da nama a jiki, sai an cire tas, in ba haka ba ruɓewa zai yi. Zare ganyen ƙasa, a hankali. Kin ga ƙurajen? Suna nan. Ki kife shi a inuwa kwana biyar, kada tausayi ya sa ki tsoma shi a ruwa. Ki nemo tsohon bokitin nan da ya huje, a cika shi da yashi da taki, a ajiye mini a inda nake alwala.

Na ji ki. Shekara biyu, ko uku. Ban yi boko ba amma na iya wannan lissafin, na kuma san shekaruna. In na kai, mu sha tare. In ban kai ba, ai kin riga kin san inda za ki kafa murhu.

Rubuta wannan ma. Ki daina ɗiga wa takardar hawaye, ki miƙo mini butata, azahar ta yi.